Yadda Ake Cike Tsakanin Tayil da Ifoksi

Ifoksi ba siminti ba ne. Kashi biyu ne: ɗanko, da maganin da ke daskarar da shi. Da zarar an haɗa su, ba ya jiran kowa. A bazarar Isa da Sabon Birni, inda zafi ke wuce digiri 40, yana iya ƙamewa kafin minti 30. Don haka a babban zaure mu fara da sassafe, mu kwaɓa kaɗan-kaɗan bisa awon da aka rubuta. Mu share ƙura, mu sa safar hannu. Wani na cusawa da faifan roba, wani na bi da soso da ruwa, domin abin da ya bushe bisa tayil sai kankara. A bar daɓen kwana ɗaya kafin a taka.