Bakan Farko a Jikin Mai Shi Ake Auna Shi

Da an kawar da amfanin gona, hunturu ya kunno kai, gangar farauta kan tashi a ƙauyukan ƙasar Daura, daga Ɓaure da Zango har bakin iyakar Kwangwalam. Yawancin masu fita yanzu karnuka suke ja, ga gora, ga barandami, wani da bindigar toka. Kwari da baka sun ja baya, ko da yake sarautar Sarkin Baka tana nan a garuruwa da dama. Sai ga shi samari sun fara ganin wani irin baka a bidiyon waya, mai tayoyi sama da ƙasa, suna tambayar nawa yake.

Kafin a yi maganar kuɗi, a san cewa bakan nan biyu ba hanya ɗaya suke kisa ba. Namu na gida itace ne mai lanƙwasuwa, irin dargaza ko gora, da tsarkiyar fata murɗaɗɗiya. Kibiyar kuwa kyauro ne marar gashi, da bakin ƙarfe mai kunne wanda maƙeri ya ƙera. Ba ta da nauyi, ba ta cin dogon zango, don ba a ɗora mata aikin kisa ba. Dafi ke yi. Ruwan 'ya'yan kwankwani da ake dafawa a shafa mata, zuciya yake tsayarwa, shi ya sa maharbi kan bi sawun dabba har ta faɗi, ya yanka, ya yanke naman wurin harbin ya yar.

Mai tayoyin kuwa wani Ba'amurke ne, Holless Wilbur Allen na jihar Misuri, ya ƙirƙiro shi, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1969. Tayoyin ba zagayayyu ba ne sosai, kuma aikinsu kamar na kurar jan guga ne a rijiya mai zurfi. Jan farko da nauyi, amma da tsarkiya ta kusa kunci sai tayoyin su juya, nauyin ya zube da kusan kashi 80 cikin ɗari. Bakan da ake ja da ƙarfin kilo 27, abin da hannu zai riƙe a ƙarshe bai fi kilo biyar da ɗoriya ba. Sai mutum ya natsu ya yi saiti. Kibiyar na iya gudun mita 90 a daƙiƙa, kuma ba dafi: kaifin baki ne ke ratsa huhu, jini ya zuba.

A nan sabon shiga ke yin ɓarna, wai shi namiji, sai ya nemi mafi tauri. Bakan kilo 32 da ba ka iya ja sai ka ɗaga shi sama kana nishi, kafaɗa kawai zai ɓata maka. Jihohin Amurka da yawa sun yarda a harbi barewarsu mai farar wutsiya da bakan kilo 18, wasu ma ƙasa da haka. Gwajin da masu sana'ar ke yi mai sauƙi ne: zauna a kujera, ka ja a hankali, bakan na kallon gabanka. In ya gagara a zaune, ya fi ƙarfinka. Gara wanda ake iya ƙara masa tauri da kusoshin jikinsa yayin da hannu ke sabawa.

Tsawon ja ma ba na kowa da kowa ba ne, don wannan bakan yana da inda yake tsayawa cak. Ware hannuwanka, a auna daga yatsa zuwa yatsa, a raba da biyu da rabi. Mai santimita 175 zai ja 70 ke nan. Na aro da wuya ya yi daidai.

Sai batun gyara, wanda a ganina shi ne babban cikas. Tsarkiyar gida in ta tsinke, mai ita zai murɗa wata a gindin bishiya. Yawancin masu tayoyi sai an matse su a na'ura ta musamman kafin a sauya igiya, kuma ba kayan da za ka tsinta a kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ba ne. Zafin bazara da ƙura suna cin igiyar in ba a shafa mata kaki. Kada kuma a kuskura a sake shi ba kibiya, ko a ɗana masa kyauro: na farko kan fasa bakan, na biyu kan tarwatse a hannun mai harbi.

To, me za a harba? Gonaki sun cinye dajin, barewa ta yi wuyar gani, har masana sun sa ta cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ma tuni ta ɗaure farautar irin waɗannan da lasisi. Abin da ya rage wa mafarauci a nan galibi zomo ne da zabon daji da gafiya, kuma babu mai buƙatar bakan ɗaruruwan dubban naira dominsu. Wanda sha'awa ta ja shi ya saya duk da haka, ya danƙare buhu da tsummoki, ya jingina shi da katangar da ba mai giftawa ta bayanta, ya fara daga taku goma, ya riƙa ja baya har mita ashirin.