Dokar sauya kalmar sirri duk wata uku: wa take karewa?

A ma'aikatu da yawa, ko banki ne ko asibiti ko ofishin gwamnati, duk bayan kwana 90 kwamfuta kan tare ma'aikaci da saƙon cewa kalmar sirrinsa ta daina aiki, sai ya kawo sabuwa. Sabuwar kuma tilas ta haɗa babban baƙi da ƙarami da lamba da wata alama, kada kuma ta zama ɗaya da ta baya. In ya kuskure sau uku a jere sai a rufe asusun, ya tafi neman alfarma wajen 'yan sashen kwamfuta. Da kyakkyawar niyya aka kafa wannan doka, amma abin da bincike ya gano shi ne wahalarta ta fi amfaninta, har takan raunana tsaron da ake nema.

Tushen dokar sananne ne. A 2003 wani ma'aikacin NIST, hukumar tsara ma'aunan fasaha ta Amurka, mai suna Bill Burr, ya rubuta jagorar da ta ba da shawarar cakuɗa baƙaƙe da lambobi da alamomi, kamfanonin duniya kuma suka ɗauka. A 2017 shi da kansa ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa yana nadamar yawancin abin da ya rubuta. A wannan shekarar NIST ta fitar da sabuwar jagora wadda ta ce a daina tilasta wa mutane cakuɗen, a daina sa su sauya kalma don kawai lokaci ya cika. Abin da ta nema shi ne kalmar ta yi tsawo, a kuma riƙa gwada ta da jerin kalmomin da aka san an taɓa sacewa. A 2019 Microsoft ma ta cire wa'adin sauyawa daga matakan tsaron da take ba masu amfani da Windows shawara a kai.

Dalilin yana cikin halin ɗan Adam. Mutumin da aka ce ya haddace sabon abu mai wuya sau huɗu a shekara ba zai ƙirƙiri sabo ba, gyaran fuska zai yi wa tsohon. Mai Kano2024! gobe zai koma Kano2025!, kwamfuta ta karɓa, kowa ya ɗauka an yi tsaro. Masu bincike a Jami'ar North Carolina sun gwada haka a 2010 da tsofaffin asusu fiye da 7,700 na jami'ar. Da suka san tsohuwar kalmar mutum, sun iya gano sabuwar cikin 'yan daƙiƙu a kusan kashi 41 cikin 100 na asusun. Wanda kuma ya kasa haddacewa sai ya rubuta a takarda ya manna jikin kwamfuta, ko ya yi amfani da kalma ɗaya a ofis da Facebook da imel ɗinsa. Wannan ba sakaci ba ne kaɗai, an ɗora wa ƙwaƙwalwa kayan da ya fi ƙarfinta.

Masu kare dokar suna da hujja da ya kamata a saurara: idan an sace kalmar ba tare da an sani ba, sauyawar za ta yanke wa ɓarawon hanya. Gaskiya ne duk lokacin da aka ga alamar kutse dole a sauya nan take, NIST ma haka ta ce. Sai dai ɓarawo ba ya jiran wata uku, sau da yawa cikin 'yan sa'o'i ko kwanaki yake kwashe abin da ya zo nema. A ƙarshen watan Afrilun 2021 'yan kutse sun shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba. Bututun ya tsaya na kwanaki, gidajen mai suka bushe a wasu jihohi, kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4. Shugaban kamfanin ya faɗa wa majalisar dattawa cewa kalmar mai sarƙaƙiya ce. Abin da asusun ya rasa shi ne mataki na biyu na tantancewa, wato lambar da za a nema bayan kalmar.

To ma'aikacin da ba shi da ikon soke doka, me zai yi? Ya bi ta, amma ya sa ƙarfinsa a tsawo. Cibiyar tsaron intanet ta Birtaniya tana ba da shawarar haɗa kalmomi uku da ba su da alaƙa da juna, huɗu ma ya fi, sannan a ƙara lamba da alamar da ofis ke nema. Kada su zama karin magana ko sunan ɗa ko ranar haihuwa, domin irinsu ake fara gwadawa. Kalmar ofis ta tsaya a ofis kaɗai. In ma'aikata ta amince da manhajar ajiyar kalmomin sirri, irin su Bitwarden ko KeePass, ya yi amfani da ita. Wasu kan ce tara komai wuri guda haɗari ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma maimaita kalma ɗaya a shafuka goma ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba. Abu mafi wuya a wurinmu shi ne kunya. Oga ya ce ba ni kalmarka in shiga, ko abokin aiki ya ce ara mini na minti biyu, sai mutum ya ji nauyin cewa a'a. Duk abin da aka aikata da wannan asusu kuwa, sunan mai shi za a gani ranar bincike.

Mataki na biyun ma yana da nasa rauni. Lambar da ake turowa ta saƙon waya kan makale idan babu sabis, kuma 'yan damfara kan ƙwace layin mutum su karɓi lambar a madadinsa. Manhajar da ke samar da lamba a cikin wayar kanta, tana sauyawa duk daƙiƙa 30, ba ta buƙatar sabis, ƙwace layi kuma ba ya taɓa ta. A 2022 an shiga kamfanin Uber bayan an yi ta aika wa wani ma'aikaci buƙatar amincewa da shiga asusunsa a waya har ya danna. Don haka buƙatar da ba kai ka fara ta ba, ƙin ta za ka yi, ka sanar da sashen kwamfuta. Sauran nauyin na shugabanni ne. A Najeriya dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan jama'a a kan hukumar da ke riƙe da su, kuma ya kamata hakan ya haɗa da rufe asusun duk wanda ya bar aiki da samar wa ma'aikata mataki na biyu.