Ba a Barin Na Baya

Kowace Asabar bayan sallar Asuba muke haɗuwa a bakin filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, a Kano. Cikinmu akwai tela, akwai ɗan kasuwa, akwai dattijon da likita ya ce ya rage tumbi saboda hawan jini. Ƙa'idarmu ɗaya ce: ba a barin na baya. In kana gudu ka kasa yin hira da na gefenka, ka wuce ƙima, sai ka sassauta.

Abin da nake ta nanata wa sababbin zuwa shi ne, gudu kullum a kan kwalta yana iya wahalar da gwiwa da ƙwauri. Shi ya sa ranar Talata keke muke hawa: zuciya tana aiki, ƙafa kuwa ta huta da duka. Alhamis sai tsugunne-tashi, don cinya ta yi ƙarfin ɗaukar jiki.

Uku daga cikinmu suna shirin gudun yada-ƙanin-wani na Legas, wanda aka fara a 2016, mai tsawon kilomita 42 da mita 195. A Fabrairu ake yinsa, don haka cikin ƙurar hunturu suke atisaye, leɓɓansu duk a tsage.