Nasara da ƙyar: Yadda ake zaɓen masu neman kambun ƙwallon jami'o'in Amurka

Wanda ya saba da gasar Firimiya ya san cewa nasara maki uku ce, ko da ci ɗaya aka same ta. A ƙwallon jami'o'in Amurka, wasan nan mai kama da zari-ruga, lamarin ba haka yake ba. Kwamitin mutum 13 ne ke jera ƙungiyoyi, yana duba ƙarfin abokan karawarsu da lafiyar manyan 'yan wasansu, sannan ya fitar da waɗanda za su shiga zagayen neman kambu.

Kakar 2023 ta nuna inda gizo ke saƙar. Ranar 25 ga Nuwamba, Jami'ar Alabama ta sha da ƙyar a gidan Auburn. Saura ƙasa da minti ɗaya a tashi, kuma damar ƙarshe ce ta rage mata daga nisan yadi 31, sai Jalen Milroe ya jefa wa Isaiah Bond ƙwallo, aka tashi 27 da 24. Bayan mako guda ta doke Georgia, ita ma 27 da 24. Amma tun a Satumba Texas ta riga ta ci ta har gida.

Ita kuwa Florida State ta lashe wasanninta 13 gaba ɗaya, sai dai jagoran harinta Jordan Travis ya karye a ƙafa, wasanta ya ja baya. Da kwamitin ya fitar da gurabe huɗu, sai ya ba Michigan da Washington da Texas da Alabama, ya ajiye Florida State a ta biyar.

Masu goyon bayan hukuncin sun ce ƙungiyar da ta fi ƙarfi a lokacin ake nema, kuma doke Georgia mai riƙe da kambu ba ƙaramar shaida ba ce. Hujjar masu suka ta fi nauyi: idan cin kowane wasa bai wadatar ba, hasashen kwamiti ya rinjayi abin da ya faru a fili ke nan. Gaskiya ne Georgia ta lallasa Florida State 63 da 3 daga baya, amma da yawa daga cikin gwanayenta ba su buga wasan ba.

A 2024 an faɗaɗa gurabe zuwa 12, gardamar ta koma kan kujerun ƙarshe. A wannan karon Alabama aka bari a waje, aka ɗauki SMU.