Ina Dadiyata? Yadda Aka Yi Cigiyar Malamin Da Ya Ɓace A Kaduna

Da misalin ƙarfe ɗaya na dare, wayewar garin Jumma'a, 2 ga watan Agusta na shekarar 2019, Malam Abubakar Idris ya komo gidansa da ke unguwar Barnawa a cikin birnin Kaduna. Shigarsa da mota ke da wuya sai waɗansu mutane suka biyo shi ciki, suka tilasta masa komawa cikin motar tasa, ƙirar BMW, suka yi awon gaba da shi. Tun daga wannan dare har yau ba a gano shi ba, a raye ko a mace.

Shi dai Malam Abubakar, wanda aka fi sani da laƙabin Dadiyata, malami ne a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da ke Jihar Katsina. Ya yi suna a dandalin Twitter saboda sukar masu riƙe da mulki, kuma bai taɓa ɓoye cewa shi ɗan Kwankwasiyya ba ne. Wannan ne ya sa tun ranar farko maganar ɓatansa ta cuɗanya da siyasa, har ta kai ga mutane sun fi yin gardama a kan wanda suke zato da ɗauke shi, suka bar tambayar da ta fi sauƙin amsawa, watau wane irin nema aka yi masa, kuma wa ya yi?

ABIN DA AKA YI

Da gari ya waye iyalinsa suka kai rahoto wurin 'yan sanda. Rundunar 'yan sandan Jihar Kaduna ta tabbatar da aukuwar al'amarin, ta kuma ce ta soma bincike. Da yake yanayin ɗaukar ya yi kama da kamun jami'an tsaro, sai zato ya karkata ga hukumar 'yan sandan ciki, watau DSS, amma hukumar ta ce ba ya hannunta. Ita ma Gwamnatin Jihar Kaduna ta wancan lokaci ta ce ba ta da hannu a ciki.

Da shiru ya yi yawa, matarsa ta garzaya kotu a Kaduna tana neman a tilasta wa hukumomi su fito mata da mijinta. Ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Amnesty International ta sha kira ga Gwamnatin Tarayya da ta yi bincike na gaskiya, abokansa kuwa suka riƙa yaɗa hotonsa a intanet, duk shekara in watan Agusta ya kama su sake ta da maganar. Mahaifiyarsa ta rasu a shekarar 2022 ba tare da ta sake jin ɗuriyar ɗanta ba.

Idan mai karatu ya lura, kusan duk wannan ƙoƙari na iyali ne da abokai da masu fafutuka. Su kuwa ba su da ikon buɗe ɗakin tsare mutane, ba su da ikon karɓar bayanan waya daga kamfani, ba su da ikon kiran wani su yi masa tambayoyi. Waɗanda doka ta ba wannan iko ba su taɓa baje wa jama'a cikakken rahoton abin da suka gano ba.

SAWU UKU

Masu binciken laifuffuka a ko'ina cikin duniya sun yarda cewa kwanakin farko su ne zuciyar cigiya, gama da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. A wannan al'amari akwai sawu uku da ke a fili tun daren farko.

Na farko ita ce motar. Mota ba allura ba ce. Tana da lamba, tana da lambar inji da ta jiki, kuma duk wanda zai fitar da ita daga Kaduna cikin dare, ko ta hanyar Abuja, ko ta Zariya, ko ta Birnin Gwari, ko ta Kachia, sai ya bi ta hanyoyin da aka saba ganin jami'an tsaro a kansu. Amma ba a taɓa ba jama'a sanarwar an gano ta ba, ko an gano inda aka wargaza ta.

Na biyu ita ce wayar hannu. Kowace waya da ke kunne tana magana da turken sadarwa mafi kusa da ita, kamfani kuma yana rubuta wannan. Da irin wannan rubutu akan san inda waya ta yi numfashinta na ƙarshe, akan kuma san waɗanne wayoyi ne suka kasance kusa da gidan a wannan sa'a. Dokar laifuffukan intanet ta shekarar 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su adana irin waɗannan bayanai har shekara biyu. Ke nan duk abin da ba a karɓa aka killace ba kafin watan Agusta na 2021, doka ba ta tilasta wa kowa ya ci gaba da ajiye shi ba.

Na uku su ne shaidu. Barnawa unguwa ce mai cike da jama'a, akwai maƙwabta, akwai masu gadi, akwai masu shayi da ke kai dare. Ita kuwa shaidar ido kamar sawun ƙafa ce a kan rairayi, kullum iska tana share ta. Abin da mai gadi zai tuna bayan kwana biyu ba shi zai tuna bayan shekara biyar ba, in ma yana nan bai canja gari ba.

Akwai kuma abu na huɗu wanda rashinsa ya zama hujja, watau kuɗin fansa. Iyalin ba su sami kiran kowa yana neman ko kwabo ba. Masu satar mutane don kuɗi kuwa ba sa yin shiru, domin shiru ba ya kawo musu riba. Wannan shi ya sa mutane da yawa suka ɗauka cewa ba dukiyarsa aka zo nema ba, bakinsa aka zo rufewa.

DA AKA SO NEMA

Domin a gane bambancin cigiya da cigiya, ya kamata a waiwayi abin da ya faru wata goma sha ɗaya kafin ɓatan Dadiyata. Ran Litinin, 3 ga watan Satumba na 2018, Manjo Janar Idris Alkali, wanda bai daɗe da yin ritaya daga aikin soja ba, ya tashi daga Abuja zuwa Bauchi a cikin motarsa, bai isa ba. Rundunar soja ta kafa ayarin nema na musamman. Aka bi sawu har yankin Dura-Du a Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, inda zato ya tsaya a kan wani tsohon kududdufin haƙar kuza. Duk da zanga-zangar da matan wurin suka yi, sojoji suka kafa injunan zuƙe ruwa suka yi kwana da kwanaki suna aiki. Ran 29 ga watan Satumba aka jawo motar Janar ɗin daga cikin ruwan. Aka ci gaba da kama mutane ana yi musu tambayoyi, aka kawo karnuka masu sansano gawa, aka tarar da wani kabari da aka riga aka tone. Ran 31 ga watan Oktoba aka ciro gawarsa daga wata tsohuwar rijiya a ƙauyen Guchwet. Kwana 58 ke nan daga ɓata zuwa gani, sa'an nan aka gurfanar da waɗanda ake tuhuma gaban kotu a Jos.

Wani abin lura shi ne, a cikin wannan kududdufi an ciro waɗansu motoci dabam ban da ta Janar ɗin. Da ba don babban mutum ya ɓace ba, da har yanzu suna ƙarƙashin ruwa.

Haka kuma a Kano. An sace Hanifa Abubakar, yarinya 'yar shekara biyar, ran 4 ga watan Disamba na 2021. Da yake ɓarawon ya nemi fansar Naira miliyan shida, jami'an tsaro suka bi wannan zare har suka damƙe shi a watan Janairu na 2022, sai ga shi mai makarantar da take zuwa ne, Abdulmalik Tanko. Ba a same ta da rai ba, amma iyayenta sun san gaskiya, Babbar Kotun Kano kuma ta yanke masa hukuncin kisa ran 28 ga watan Yuli na 2022. Kafin wannan, a watan Oktoba na 2019, 'yan sandan Kano sun kuɓuto yara tara da aka sace aka kai Anacha a Jihar Anambara, waɗansunsu bayan shekaru da ɓata, abin da ya sa gwamnatin jihar ta kafa hukumar bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Wada Umar Rano.

Waɗannan misalai sun nuna cewa Nijeriya ba ta rasa gwanayen bin sawu ba, ba ta kuma rasa kayan aiki ba. Abin da ya haɗa su duka shi ne an sami wata hukuma guda da ta ɗauki neman a matsayin aikinta, ta sa mutum a kansa, ta kuma riƙa gaya wa jama'a inda aka kwana. A maganar Dadiyata kowace hukuma ta tsaya ne ga wanke kanta. Cewa "ba ya hannunmu" amsa ce ga zargi, amma ba ta kusantar da kowa ga inda mutum yake.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya, ko kwana biyu idan kotu tana nesa. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ɗora wa manyan majistarori nauyin ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata su duba waɗanda ake tsare da su. Bugu da ƙari, tun shekarar 2009 Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana ɓatar da mutane da ƙarfin tsiya, wadda ta wajabta wa gwamnati yin bincike nan da nan, ta kuma tabbatar wa iyali haƙƙin sanin gaskiya. Saboda haka ko da a ce babu hannun jami'in gwamnati ko ɗaya a cikin al'amarin, nauyin nemo mutumin yana wuyan gwamnati.

Ga iyali kuwa, rashin sani wata azaba ce ta dabam. Wanda aka yi wa mutuwa yakan yi zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai, a raba gado, ya dangana. Wanda nasa ya ɓace ba shi da kabarin da zai ziyarta. Malaman Malikiyya sun yi bayanin hukuncin wanda ya ɓace: matarsa za ta kai ƙara wurin alƙali, a yi cigiya, in ba a ji labari ba ta jira shekara huɗu, kana ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Ita kuma Dokar Shaida ta 2011 ta ba kotu damar ɗaukar mutum a matsayin matacce idan waɗanda ya kamata su ji daga gare shi sun yi shekara bakwai ba su ji ba. A lissafin Dadiyata, wannan wa'adi yana faɗawa ne kan watan Agusta na 2026. Amma hukuncin kotu yana warware maganar aure da gado ne kawai, ba ya gaya wa ɗa inda ubansa yake.

BA SHI KAƊAI BA

Sunan Dadiyata ya tsira daga mantuwa ne domin yana da abokai masu murya. Dubbai ba su da wannan gata. A shekarar 2022 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta bayyana cewa mutanen da aka yi mata rajistar ɓatansu a Nijeriya sun haura 25,000, fiye da rabinsu yara ne a lokacin da suka ɓace, akasarinsu saboda rikicin Arewa maso Gabas. Babu wata ƙasa a Afirka da ta kai wannan adadi a littafin ƙungiyar. Waɗannan kuwa su ne waɗanda aka rubuta. Manomin da ya tafi gona a wajen Abbare ta kusa da Jalingo bai komo ba, ko almajirin da ya fita bara a Gusau aka daina ganinsa, sau da yawa cigiyarsa ba ta wuce masallacin unguwa da gidan mai unguwa da sanarwar rediyo ba.

Gyaran ba boyayye ba ne. Ana bukatar rajista guda ta ƙasa wadda kowane ofishin 'yan sanda, da asibiti, da ɗakin ajiye gawa, da gidan yari za su riƙa dubawa. Ana bukatar a killace bayanan waya tun makon farko da umurnin kotu. Ana bukatar kowace cigiya ta kasance da jami'i mai suna wanda iyali za su iya tambaya, shi kuma ya ba da rahoto a rubuce. Inda kuwa zargi ya taɓa jami'an tsaro ko masu mulki, sai a miƙa binciken ga hukuma mai zaman kanta wadda za ta yi zamanta a bainar jama'a, kamar yadda aka yi wa yaran Kano.

Su kuma jama'a, idan wani ya ɓace kada a tsaya jiran gobe. A kai rahoto nan take, a nemi a rubuta shi a littafin ofis, a karɓi sunan jami'in da ya karɓa, a rubuta lambar waya da ta mota da kalar tufafin da ya fita da su, a tambayi maƙwabta tun abin yana sabo a ransu.

Mutanen da suka shiga gidan nan na Barnawa sun san inda suka kai Malam Abubakar Idris. Akwai wanda ya aike su, akwai wanda ya ga shigewar motar, akwai wanda ya karɓe ta. Ranar 30 ga watan Agusta ta kowace shekara ita ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin tunawa da waɗanda aka ɓatar, kwana 28 kacal bayan zagayowar ranar da aka ɗauke shi. Iyalinsa na nan suna sauraron ranar da wata hukuma za ta kira su ta buɗe musu fayil ɗinsa, ta nuna musu abin da aka yi da abin da aka bari.