Ganyen Ayaba a Walimar Auren Kerala

Akwai wani hoton bidiyo da ya daɗe yana yawo a wayoyin mutane, inda ake ganin ɗaruruwan Indiyawa zaune sahu-sahu a wurin ɗaurin aure, kowa da ganyen ayaba shimfiɗe a gabansa, ana bi ana zuba musu shinkafa da miya daga bokitai, kuma duk sa'ad da ya sake ɓullowa sai ka ji masu izgili suna cewa talauci ne ya hana su sayen kwanoni, ko kuwa ƙazanta ce ta gado. Maganar ta ishe ni, domin masu faɗinta ba su san Indiya ba sai ta finafinan rawa da waƙa, alhali kuwa yanke hukunci a kan al'adar mutane ba tare da ilimi ba zalunci ne, ko da a kan abinci ne.

Wannan walima sunanta sadya, kuma ta mutanen Kerala ce, jihar da ke kudu maso yammacin Indiya, wadda aka kafa a 1956. Abinci ne na rana, galibi babu nama a ciki, mai kala ashirin da wani abu.

To, wanda ya ce talauci ne, sai ya fara da sanin cewa a ƙidayar 2011 babu jihar da ta kai Kerala yawan masu iya karatu da rubutu a duk Indiya, wajen kashi 94 cikin ɗari, kuma attajirin da ya lulluɓe 'yarsa da zinariya tun daga wuya har ƙugu shi ma a kan ganyen nan yake ciyar da baƙinsa, domin da ya kawo musu faranti da an ce ya rage musu daraja. Amma batun ƙazanta, ai hujjar ta koma kan mai kawo ta. Ana yanko ganyen sabo, a wanke, a goge, mutum ɗaya ya ci a kansa sau ɗaya tak, sa'an nan a kwashe a ba shanu ko a mai da shi taki. Ina wannan ina farantin haya da aka tsoma a ruwa ɗaya bayan mutum hamsin sun ci a ciki? Hasali ma tun ranar 1 ga Yuli, 2022, gwamnatin Indiya ta haramta farantai da kofunan roba na yi-amfani-ka-yar, abin da masu ganye ba su taɓa bukata ba.

Wanda kuma yake zaton zube ake yi barkatai, bai dubi ganyen da kyau ba. Ana ajiye shi tsininsa na fuskantar hagun mai ci, kowane abu da muhallinsa sananne. Gefen hagu na gishiri ne da ayaba nunanniya da soyayyar ayaba, wata da gishiri wata da mazarƙwaila, da haɗin citta da tsamiya. Rabin sama na kayan lambu ne, irin su avial, wanda ake dafawa da doya da 'ya'yan zogale da kwakwa da kindirmo. Rabin ƙasa kuwa na jar shinkafarsu ce mai ƙiba. Miya ma da tartibinta: a fara da ta wake da man shanu, a bi da sambar, sa'an nan rasam mai masoro, sa'an nan payasam mai zaƙi, a rufe da tsala domin ciki ya kwanta. Da hannun dama ake ci, kowa daga abin da ke gabansa, wanda shi ne ladabin da malamanmu suka karantar da mu tun muna makarantar allo.

Wahalar tana kan mai biki. Shi ba zai jera tukwane ya ce kowa ya ɗiba ba. Wajibi ne ya yi lissafin zama nawa za a yi, domin idan zauren na ɗaukar mutum 250 baƙi kuma 1,000 ne, zama huɗu ke nan, kuma tsakanin kowane zama sai an kwashe ganyaye, an share tebura, an shimfiɗa sababbi, an jera ƙananan abubuwan kafin a buɗe ƙofa. Girki tun daren jajibiri ake fara shi, ana kankare kwakwa ana yanka kayan lambu har asuba, saboda abincin da aka yi da kwakwa ba ya jure zafin rana, in ya wuce azahar sai ya fara tsami. Kowane mai rabo da abu ɗaya a hannunsa, suna tafe a jere, in mai sambar ya riga mai shinkafa tsarin ya ɓaci. Aibin da su kansu suke kuka da shi guda ne, wato turereniya a bakin ƙofa domin samun zaman farko.

Yanzu da yake mutanenmu na zuwa Indiya neman ilimi da magani da fatauci, la'alla wani ya sami gayyata, to ga abin da ya kamata ya kiyaye. Ka wanke hannu kafin ka shiga sahu, kada ka juya ganyen daga yadda ka same shi. Kada ka cika shinkafa a zagayen farko, domin za a dawo da ita sau biyu ko uku, kuma wanda ya ƙoshi tun a miyar wake ya yi asarar payasam. Ka yi ɗan rami a tsakiyar shinkafar domin miya ta zauna, in ba haka ba ta gangaro maka a riga. Abin da ba ka so, ɗora hannunka a saman ganyen, mai rabo zai wuce; wannan ya fi ka karɓa ka bari, domin israfi ne. In an ba ka ruwa mai ɗumi ja-ja kada ka tsorata, da wani itace aka tafasa shi. Idan ka gama, ka naɗe ganyen daga sama zuwa wajenka, alamar gamsuwa ke nan, ka tashi da wuri, akwai masu jira a tsaye.

Mai shakka a kan halasci kuwa ya tambayi mai gida kai tsaye, ba za a ɗauki tambayar baƙuwa ba, domin fiye da rubu'in mutanen Kerala Musulmi ne.