Kwankwani: Dafin Maharba da Ya Shiga Ɗakin Likita

Kwankwani tsiro ne mai yaɗo wanda yake hawa bishiyoyi a kurmi da bakin rafuka na ƙasashen Afirka masu zafi, kuma masana tsirrai suna kiran danginsa Strophanthus. Ana gane shi da furensa mai dogayen jela da suke reto kamar zare, da kuma 'ya'yansa da suke fitowa biyu-biyu, waɗanda idan sun bushe suke tsagewa su saki iri mai gashi da iska take ɗauka. A cikin wannan iri ne ƙarfin tsiron ya taru.

Maharban ƙasar Hausa da na sauran sassan Afirka sun daɗe da sanin wannan ƙarfi, domin sukan daka irin su dafa shi har ya yi kauri, sannan su shafa a bakin kibiya, ta yadda dabbar da aka harba ba ta yin nisa kafin zuciyarta ta tsaya. Sun kuma lura cewa naman yana ciwuwa idan aka yanke wurin da kibiyar ta shiga, abin da kimiyya ta bayyana daga baya da cewa hanji ba ya tsotsar dafin sosai, alhali idan ya shiga jini kai tsaye aikinsa nan take ne. Wannan ilimi ne na gaske, wanda aka gina bisa lura da gwaji, kuma ya cancanci a ambace shi kafin sunan kowane Bature.

Labarin ya isa Turai ta hannun John Kirk, likitan da ya raka David Livingstone a tafiyar Kogin Zambezi daga shekarar 1858, wanda ya ji bugun zuciyarsa ya ragu bayan burushin haƙoransa ya taɓa irin. Thomas Fraser na Jami'ar Edinbara ya tace sinadarin da ke cikin irin, ya gabatar da shi ga likitoci a 1885 da sunan sitirofantin, sannan a 1906 Albert Fraenkel ya fara yin allurarsa ta jijiya a Jamus ga masu raunin zuciya.

Yadda yake aiki shi ne, a jikin kowace ƙwayar halitta ta zuciya akwai wata kafa mai fitar da sinadarin sodiyam ta shigo da fotashiyam, kuma sinadarin kwankwani yana toshe ta, sai kalsiyam ya taru a ciki, tsokar ta riƙa matsawa da ƙarfi, bugun kuma ya yi sanyi. Idan aka wuce kima kaɗan, sai amai da rikicewar bugu su biyo baya, har zuciyar ta tsaya. Tazarar da ke tsakanin kimar da take warkarwa da wadda take kisa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma ƙarfin iri yana bambanta daga tsiro zuwa tsiro, saboda haka jiƙa shi a sha a gida, ko da an ce na sanyin ƙashi ne ko na tsutsar ciki, ganganci ne da rai.

Wani nau'insa na Afirka ta Yamma ya sake jan hankali a 1949, lokacin da Amurka ta aiko masu bincike neman irinsa don haɗa kotizon, maganin kumburin gaɓoɓi, amma wata doyar daji ta Meziko ta fi shi araha, sai aka koma gare ta. A asibiti ma, digozin da ake samu daga wani tsiron Turai ya maye gurbin sitirofantin a yawancin ƙasashe.